Lissafin magudanar ruwa da abin da ake gani a gonakin rani

Ɗan'uwa, ka ce lissafi ya nuna maka magudanar ruwa mafi inganci ita ce mai siffar rabin da'ira, amma a gonakin rani irin na Kadawa ba ka taɓa ganin irinta ba, shi ne kake tambaya ko lissafin ne ya kuskure. Bai kuskure ba, sharuɗɗan da ka ba shi ne ba su cika ba.

Ƙa'idar da injiniyan Ayaland Robert Manning ya gabatar a 1889 ta nuna cewa idan girman ramin magudana da gangararta ba su canja ba, ruwa ya fi gudu inda ya fi ƙarancin gogar bango da ƙasa. Rabin da'ira ce ke cin wannan gasa. A magudana mai kusurwa huɗu kuwa, mafi inganci ita ce wadda faɗinta ya ninka zurfin ruwa sau 2.

To amma wa zai haƙa rabin da'ira a ƙasa mai rairayi ta tsaya? Gefen zai zabtare tun ban-ruwan farko. Dole a kwantar da shi, abin da ya sa kake ganin magudana mai faɗin baki da tsukakken gindi. Ga kuma gudun ruwan: in ya yi sanyi, laka ta kwanta, ciyawa ta toshe hanya, in ya yi ƙarfi, ya cinye gefe. Kuɗin haƙa da na siminti ma suna ciki, kuma a ganina su ɗalibai suka fi mantawa da su.

Ka mayar da kuɗin aikin abin da kake son ragewa, ka sa sauran a matsayin iyakoki, ka sake warwarewa.