Hukuncin sukarin da aka sarrafa da sinadarin bakteriya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a masana'antar da ke mayar da sitacin masara ruwan sukari na gulukos. Muna zuba wani sinadari da ake kira inzayim, wanda ake samowa daga bakteriya masu jure zafi. Wani abokin aikina ya ce bakteriya ƙazanta ce, don haka abin da muke sarrafawa haramun ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malamai suna cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa, to bari mu fara da nan.

Sitaci dogayen sarƙoƙi ne na sukari. Ana dafa shi a zafin da ya kai digiri 105, sai inzayim mai suna alfa-amilas ya yayyanka sarƙoƙin, sannan wani inzayim ɗin daga naman gwari ya ƙarasa aikin a wajen digiri 60. Zafin digiri 105 ɗin yana lalata yawancin inzayim, shi ya sa tun shekarun 1970 masana'antu suka koma ga na bakteriyar Bacillus licheniformis. Inzayim ɗin furotin ne da bakteriyar ke fitarwa, ana tace shi a raba shi da ita, kuma kaɗan ake zubawa.

Asalin abubuwa halacci ne da tsarki, saboda faɗin Allah a Suratul Baƙara, aya ta 29, cewa Shi ne Ya halitta muku abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya. Babu nassin da ya sanya bakteriya cikin najasa. Da maganar abokinka ta tabbata, da khal (ruwan tsamin nan da ake kira binega) ya haramta, alhali bakteriya ce ke samar da shi, ga shi kuma Muslim ya ruwaito Annabi (SAW) yana yabonsa da cewa madalla da shi a matsayin mahaɗin abinci. Ƙyamar mutum daban, hukuncin Shari'a daban.

Inda ya kamata ka sa ido shi ne abincin da aka yi kiwon bakteriyar da shi. Galibi daga tsirrai ne, kamar sitaci da waken soya, wannan babu magana. Amma wani lokaci akan haɗa da sinadarin da aka samo daga dabba. Idan na alade ne, malamai sun yi saɓani. Hanafiyya da Ibn Taimiyya suna ganin najasa tana tsarkaka idan ainihinta ya rikiɗe, kuma a Malikiyya shukar da aka shayar da ruwa mai najasa tsarkakakkiya ce. Shafi'iyya sun fi tsanantawa, haka ma yawancin hukumomin ba da shaidar halal a yau. Ni abin da nake zaɓa wa masana'anta shi ne ta nemi mai shaidar halal, tunda yana samuwa ba da wahala ba. Mai saye a kasuwa kuwa ba a ɗora masa wannan bincike ba.

Amilas ɗin da aka ciro kai tsaye daga jikin alade, wannan bai halatta a sa shi a abinci ba.

Saboda haka aikinka halal ne, albashinka halal ne. Sai dai idan an kai ka sashen da ake sarrafa sitacin domin yin giya ta sha, to nan ka nemi a canza maka wuri, domin Allah Ya hana taimakekeniya a kan saɓo a Suratul Ma'ida, aya ta 2. Sinadarin barasa da ake yi don man mota ko aikin asibiti bai shiga wannan hani ba.

Allah ne Mafi sani.