Amsa ga mai tambaya a kan littattafan Hausa na yanzu

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, cewa rabonki da littafin Hausa tun zamanin da ake karɓo haya a shago, yanzu yara sun tasa kin samu sarari kina son komawa, amma kin rasa ta inda za ki kama, na soyayya ne, na aljanu ne ko na bincike. Na ga an jero miki sunaye da yawa. Ni ba zan ƙara suna a kai ba, don marubutan nan da yawansu muna tare da su a nan, ba na son a ce na ɗaga wata na kayar da wata. Abin da idona ya gani a 'yan shekarun nan zan faɗa miki, ke kya zaɓa.

Ni ma 'yar haya ce. Ina ƙaramar sakandare na fara, wajen 1998, naira biyar kwana ɗaya, mai shago ya rubuta sunanki a wani tsohon littafi da ya sha maiƙo, ki kawo gida ki cusa a tsakiyar littafin lissafi don kada Baba ya gani. Na tuna 2007, lokacin da hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafai a Kano aka ce suna ɓata tarbiyya, mun ɗauka kasuwar ta mutu ke nan. Ashe abin da wuta ta kasa yi, tsadar takarda da wayar hannu ne za su yi shi. Yau in kin je inda kika saba saya za ki samu 'yan tsofaffin bugu sun yi ƙura, amma sabon rubutu kusan duk ya koma waya: WhatsApp, Wattpad, Facebook, ArewaBooks, sai kuma masu karantawa da murya a YouTube. Idan wata ta ce miki OkadaBooks, kada ki sha wahalar nema, an rufe shi tun ƙarshen 2023.

Sai kin gane yadda ake sayar da labari yanzu kafin ki gane abin da ya sa yake fitowa yadda yake fitowa. Marubuciya za ta saki shafi goma ko sha biyar kyauta, ɗanɗano ke nan. Daidai inda amarya ta buɗe ƙofa ta ga abin da ta gani, sai a ce shafukan kyauta sun ƙare, mai son ci gaba ta tura ɗari biyar ko dubu ɗaya, 'yan Nijar ga lambar da za ku tura taku. Kin biya an saka ki a zaure, wato rukunin masu karatun littafin a waya. To a nan gizo ke saƙar, domin yawancin littattafan ba a gama rubuta su ba lokacin da kika biya. Kullum ake rubuta shafin ranar, a tura, masu karatu su yi sharhi, marubuciya ta duba sharhin kafin ta rubuta na gobe. Na taɓa bin wani labari da aka gina shi tun farko a kan cewa yarinyar nan ba za ta zauna da mijin ba, duk alamu sun nuna, har mahaifinta ya fara sauka daga kan bakansa. Sai zaure ya kaure, a bar mana su tare, wallahi in aka raba su mun daina karantawa. Cikin kwana uku mutumin da ya fasa mata baki ya zama waliyyi, ya yi kuka, ya sayo mota. Na ajiye wayar na ce an cuci labarin nan.

Kada ki ce laifin 'yan yanzu ne kaɗai. Mu ma a zamaninmu ana raba littafi na ɗaya, na biyu, na uku, a tsaya a inda rai zai tashi don a sayi na gaba. Bambancin shi ne a da marubuci yana zaune shi kaɗai da bironsa har ya kai ƙarshen kashi guda, yanzu kuwa mutum ɗari biyu ne a tsaye a kansa suna ce masa yi nan, yi can.

Na soyayya su ne suka fi yawa har gobe, kuma su ne suka fi gajiyar da ni. Namijin dai shi ne wanda kika sani, sai dai ya ƙara kuɗi. A da ɗan Alhaji ne mai kanti a Kwari, yanzu yana da jirgin sama nasa da kamfani a Dubai, shekararsa talatin da biyu, miskili ne, ba ya dariya, magana ma da ƙyar. Ita kuma 'yar aiki ce ko marainiya, fara sol, gashi har gadon baya. Za a yi auren dole ko auren yarjejeniya na wata shida, ya wulaƙanta ta shafi arba'in, sannan ya gano ba zai iya rayuwa babu ita ba. Wata rana don neman magana na ɗauki biro na riƙa ƙirga sau nawa aka sauke ajiyar zuciya a shafi ɗaya, na kai tara na bari. Ya lumshe ido, ta turo baki, ya taune leɓe. Abin da ya fi damuna ba maimaicin ba ne, yadda ake koya wa yarinya 'yar sha shida cewa wulaƙanci ƙofar so ce. Akwai kuma waɗanda suka zarce zuwa batsa tsagwaronta, su kan rubuta a sama cewa na matan aure ne, kamar waya tana tambayar shaidar aure. In kina da 'yan mata a gida ki san wanda kike bari a wayarki.

Inda na fi samun abin da nake nema shi ne labaran zaman gida: kishi, uwar miji, rabon gado, zawarci, 'ya'yan da aka raba da uwarsu. A nan matanmu ba su da na biyu, domin abin da suka sani suke rubutawa. Wannan layin tsoho ne, tun Balaraba Ramat Yakubu da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990 ake kansa, kuma har yanzu bai ƙafe ba. Bara na karanta wani a kan matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata huɗu. Akwai wurin da ta fita takaba, 'yan'uwan mijin suka zo lissafin kaya, ƙanin mijin yana zagaya ɗaki yana faɗa wani yaro yana rubutawa, har ya kai kan injin markaɗen da ita ta saya da kuɗin adashinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi dogon jawabi ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko takardar sayen injin daga ƙasan adaka, ta miƙa wa babban wansu, ta koma ta zauna ta ci gaba da tsince shinkafa. Na karanta wurin nan sau uku. Babu jirgin sama, babu Dubai, amma sai da na tashi na sha ruwa. Matsalar irin waɗannan ɗaya ce, in labari ya karɓu sai a ƙi gama shi. Abin da ya kamata ya tsaya a shafi sittin sai a ja shi zuwa ɗari da ashirin, a shigo da boka, a shigo da wata kishiyar, a aurar da 'ya'ya har a fara labarin jikoki.

Na aljanu da ban tsoro kuwa, shawarata kada ki karanta, ki saurara. Tatsuniya da baki aka san ta, kuma tun muna yara gidajen rediyo ke karanta mana littattafai da dare. In kin dace da mai karatu mai murya, wanda ya san inda zai ja numfashi, labarin da in a rubuce ne za ki yi tsaki sai ki ga kin kasa fita tsakar gida kashe fitila. Waɗanda suka fi kama ni su ne masu tsayawa a kan abin da muka taso muna tsoro: tsohuwar rijiya, gindin tsamiya da tsakar rana, kangon gida, ɗakin kwanan ɗalibai a makarantar kwana. Da zarar aljani ya fara mallakar fada ta zinare a ƙarƙashin teku yana son auren 'yar jami'a, to an koma soyayya, miskilin nan ne ya sake riga.

Na yaƙi da jarumtaka maigidana ne mai su, ni leƙe nake yi. Takobi, sarauniyar matsafa, tafiyar shekara arba'in neman wani kambu. Masu son su ba sa gajiya, amma ni ban ga sun motsa daga inda na bar su ba.

Na bincike su ne nake ta fatan su yi kyau suna ba ni kunya. Sha'awar tana nan, har matasa maza sun shigo da ƙarfi, amma yawanci daga fim ake kwaso aikin ɗan sanda, ba daga ofishin 'yan sandan unguwa ba. Za ki ga jami'i ya tsinci gashi guda a wurin kisa, kafin la'asar na'ura ta faɗa masa mai shi. Za ki ga an yanke hukuncin kisa a zama ɗaya, a kotun da ko hurumin sauraron shari'ar kisan kai ba ta da shi. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa kotu ya san yadda ake ɗage zama wata da watanni, ya san zaman benci da jiran lauya. Da marubuci zai je ya zauna a kotun majistare sati guda yana kallo kawai, da ya samo labarin da ya fi wanda ya aro. Guda ɗaya na karanta da ya burge ni, a kan satar waya da ƙwace a keken Adaidaita Sahu, mai binciken ma ba ɗan sanda ba ne, mai gyaran waya ne a Farm Centre, da abin da ya sani na sana'arsa ya bi sawu.

Abin da ban zata ba, kuma shi nake so ki fara da shi, gajerun labarai ne. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarin da ya shafi sansanin 'yan gudun hijira, aka samu wani irin rubutu daban. Dalilin a fili yake: an ƙayyade kalmomi, ba a wuce dubu ɗaya da ɗari biyar, kuma sai kin gama kike turawa. Babu wurin ajiyar zuciya tara, babu zauren da zai ce a canza ƙarshe. A irin waɗannan ne na ga an taɓa abin da muke ciki da gaske, garkuwa da mutane, ƙauyen da aka tasa, fyaɗe da yadda ake rufe shi, shaye-shayen matan aure, ciwon ƙwaƙwalwa bayan haihuwa. Abin ya tuna mini cewa ƙagaggen labarin Hausa na boko ma da gasa ya fara, wadda aka yi a 1933 ta fito da su Abubakar Imam. Har marubutan da nake ƙorafi a kan dogayen littattafansu, in suka shiga gasa sai ki ga kamar ba su ba, hannunsu ya nutsu.

Sai ki shirya wa abu ɗaya da zai ci miki rai a makon farko, wato rubutun kansa. A da ko ba komai akwai mai buga littafi da zai ɗan duba. Yanzu daga babban yatsa sai idonki. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ba a sa ƙugiya, sai ki karanta an yi baki a gidan ki tsaya tunanin baki ne ko baƙi. Turanci kuma ya cika zance, jimla ɗaya rabi da rabi. 'Yan'uwanmu marubutan Maraɗi da Damagaram su ma sukan sako Faransanci, amma Hausarsu takan zo da kalmomin da mu a Kano mun fara mantawa, ni kam ina jin daɗin karanta su.

Kafin ki tura kuɗi ga kowa, ki tambaya ko an kammala littafin. Na taɓa biyan wani, muna shafi na talatin da bakwai marubuciyar ta ce wayarta ta faɗa ruwa, yau shekara biyu ke nan amarya tana cikin mota ba a kai ta ba. In an ce kammalalle ne, karanta shafukan ɗanɗanon, ki duba ko mutanen ciki suna da sana'a, ko suna cin abinci, ko akwai wanda ya taɓa rasa kuɗin cefane.

Yanzu haka akwai wanda nake bi, na karya dokata don ba a gama shi ba. Labarin wata bazawara ce mai sayen hatsi a Dawanau tana kaiwa ƙauyuka, marubuciyar ta san farashin buhu, ta san yadda dillali ke magana, ta san abin da ake ba 'yan dako. Muna shafi na arba'in da ɗaya. Jiya da daddare wata baƙar mota mai duhun gilashi ta tsaya a ƙofar rumfarta, kuma tuni 'yan zaure sun fara tambaya ko saurayi ne a ciki.