Gwajin Jini Zai Iya Nuna Kansar Hanta?

Tambaya: Likita, an gano maigidana yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kuma an umarce shi ya riƙa yin gwajin AFP. Shin wannan yana nufin kansa ta kama shi? Daga wata baiwar Allah, Gwammaja, Kano.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, umarnin gwaji ba hukunci ba ne. AFP furotin ne da hantar ɗan tayi ke samarwa, wanda ke raguwa ƙwarai bayan haihuwa, amma yakan sake hauhawa a jini idan ƙwayoyin hanta suka rikiɗe zuwa kansa. Sai dai ba a dogara da shi kaɗai, domin kumburin hanta ma yana ɗaga shi, kuma wasu masu kansar nasu ba ya tashi. Shi ya sa ake haɗa shi da hoton ciki duk wata 6, a kuma auna yawan ƙwayar cutar a jini, tunda haɗarin yana ƙaruwa ne gwargwadon yawanta.

Abin da ya fi damuna a ƙasarmu shi ne gubar afalatoksin da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, saboda tana lalata ƙwayar halitta mai suna TP53, wadda ke tsare jiki daga kansa, kuma idan ta tarar da cutar B haɗarin yakan ninka. Ki tsince duk gyaɗar da ta yi baƙi ko ɗaci kafin a daka ƙuli-ƙuli ko kunu. Ke da yara ku je a gwada ku, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi.