Tambaya da Amsa: Wai yaya aka yi jihohin kudancin ƙasar Amurka suka sauya sheƙa daga jam'iyyar Democrat zuwa Republican?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Jiya a teburin mai shayi muka kwana musu, abokina ya rantse wai Abraham Lincoln da ya 'yanta bayi ɗan Republican ne, ni kuma na ce inaa, ai baƙaƙen fata Democrat suke yi. Waye da gaskiya? Daga mai karatu a Kawo, Kaduna.

AMSA: Ɗan'uwa sai dai ka biya kuɗin shayin fa, abokinka ya fi ka gaskiya. Lincoln ɗan Republican ne, shi ya sa ma bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865 fararen Kudu suka yi kusan shekara ɗari suna dangwala wa Democrat don haushi. Su kuwa baƙaƙe tun zaɓen Roosevelt na 1936 suka fara zamewa zuwa Democrat, saboda tallafin da ya kawo lokacin da tattalin arziki ya karye.

Wanda ya ɓallo ruwan shi ne Shugaba Lyndon Johnson, ɗan Democrat kuma ɗan Texas, da ya sa hannu a dokar 1964 wadda ta hana wariyar launin fata a otal da gidan abinci da wajen aiki. Barry Goldwater, ɗan takarar shugaban ƙasa na Republican, ya ƙi dokar, ya sha mugun kaye a zaɓen shekarar, jiha 6 kacal ya ci, amma ka duba, biyar a ciki duk cikin tsakiyar Kudu suke, har da Jojiya da ba ta taɓa zaɓar Republican ba.

Daga nan sai haɗa maja, 'yan kasuwa masu kukan haraji, da masu adawa da kwaminisanci, da 'yan coci da hukuncin kotun ƙoli na 1973 mai halatta zubar da ciki ya harzuƙa, Fasto Jerry Falwell ya kafa musu ƙungiyar Moral Majority a 1979, Reagan na Republican ya kwashe su duka ya ci jiha 44 a 1980, ya dawo 1984 ya ci 49.

Kar dai ka kwatanta da majar APC ta 2013, wadda manya suka zauna suka haɗa ACN da CPC da ANPP, shekara biyu sai ga PDP ta bar gidan Sir Kashim, wato gidan gwamnatin Kaduna. Ni a ganina tasu ta fi wuya, don talakan ne ya riƙa canzawa a hankali, ya zaɓi Reagan a sama ya bar wa ɗan majalisarsa na Democrat kujerarsa a ƙasa, ba ruwansa da sak. Sai 1994 Republican ta iya karɓe majalisar wakilai, bayan shekara 40.