Ta ina zan faro tarihin fataucin goro tsakanin Kumasi da Kano?

Malam, ka ce kana son adana tarihin wannan fatauci da yadda yarjejeniyoyin ƙasashe suka shafe shi, amma ka rasa ko takardu za ka fara bi ko mutane.

Fara da tsofaffi, takardu za su jira ka. Ka bi ta hannun Sarkin Zango, shugaban Hausawan Kumasi, ya haɗa ka da tsoffin dillalai da masu masauki, har da hajiyoyin da suka yi safara, don galibi su ake tsallakewa. In ka tambayi Baba me ECOWAS ta tsinana masa, zai ce babu. Tambaye shi nawa ake karɓa kan huhun goro a Aflawo, iyakar Ghana da Togo, wa ke canza masa sidi zuwa naira, ina yake a 1969 da gwamnatin Firayim Minista Busia ta kori baƙi daga Ghana. Nan bakinsa zai buɗe. Ka bar shi ya yi ta zuba, ko da ya ratse.

Sannan ka gwada abin da ka ji da takardu, don tsofaffi kan cakuɗa shekaru. An kafa ECOWAS a Legas a 1975, yarjejeniyar zirga-zirga kuwa sai 1979. Leƙa PRAAD, hukumar adana takardun tarihi ta Ghana, a Accra ko reshenta na Kumasi, da ma'ajiyar tarihi ta Manhyia, fadar Sarkin Asante.

Kada ka naɗi muryar kowa ba da izininsa ba, kada kuma ka bar ta a waya kaɗai. In aka miƙo maka tsohuwar wasiƙar ajami, ɗauki hotonta kawai, ban da manna salatif. Gyaranta aikin masana ne, nemi na Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon.