Ina aka binne yayan kakata da ya tafi yaƙin Bama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kakata ta haura shekara 90. Tana ƙaramar yarinya aka ɗauki yayanta soja a 1943, bai cika ashirin ba, an riga an kai kuɗin aurensa. Bayan shekara biyu aka aiko da labarin ya rasu a Bama. Ba gawa, ba kaya, sai zoben azurfa da ya cire ya ba ta ranar tafiya, wanda har yau yake ƙulle a bakin zanenta. Kwanan nan kullum sai ta ce, "Ko ina suka sa Yaya?" Akwai hanyar da za mu gano?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙansa, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Zancen zoben nan ya tsaya mini a rai. Hanya kuwa akwai.

Wanda aka ɗauka a 1943 ya rasu a 1945, mai yiwuwa yana cikin Runduna ta 81 ko ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda Ingila ta kai su yaƙi Japan a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar. Ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan, daji ne da tsaunuka inda mota ba ta bi. A ka suke ɗaukar kaya, abinci kuma jirgin sama ke jefo musu. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka kama Myohaung a yankin Arakan. Shi ya sa har gobe a Legas akwai barikin Myohaung da barikin Arakan. Da yawansu ma ba harsashi ne ya yi ajalinsu ba, zazzaɓin cizon sauro ne da atini.

Ki shiga shafin intanet na hukumar CWGC, wadda tun 1917 take kula da kaburburan sojojin Ingila da ƙasashen da ta mallaka. Kyauta ake bincike. Amma ki yi haƙuri da rubutun Turawan lokacin, sun karkata sunayenmu iya son ransu. Sau da yawa sunan mutum suke haɗawa da sunan garinsu maimakon na mahaifinsa, don haka ki gwada duka biyun, da kowane irin rubutu da ya zo miki. In akwai wata tsohuwar takarda a adakar gidanku mai ɗauke da lambarsa ta soja, ta fi komai saurin kai ki gare shi.

Wataƙila ki same shi a maƙabartar Taukkyan da ke arewa da birnin Yangon, inda aka maido gawarwakin da aka fara binnewa a Akyab da wasu wurare, ko kuma a Chittagong ta Bangladash. Wataƙila kuma sunansa kawai za ki gani. A tsakiyar Taukkyan akwai ginshiƙai da aka buɗe a 1958, ɗauke da sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san makwancinsu ba.

In hakan ta kasance, kada ki ɓoye wa Hajiya. Ki buga shafin a takarda, ki zauna kusa da ita, ki karanta mata sunan Yaya da ranar da ya cika, ku yi masa addu'a tare. Ki rubuto mini abin da kika samu, ina jira.