Amsa: Ƙananan kwalejojin Amurka na ba ɗan ƙwallon kwando tallafin karatu?

Malam, ka ce ƙaninka yana buga ƙwallon kwando a Kano, wata ƙaramar kwaleji a Amurka ta nuna tana son shi, kana tambaya ko za su biya masa karatu.

Da farko ka gano rukunin da kwalejin take. A tsarin NCAA, babbar ƙungiyar wasannin kwalejojin Amurka, makarantun Division III (rukuni na uku) ba sa ba da ko sisi saboda wasa. Tallafinsu na ƙoƙarin karatu ne ko na rashin hali. Makarantun Division II da na NAIA, wata ƙungiya daban ta ƙananan kwalejoji, suna bayarwa, amma galibi rabi-rabi ne, sauran ku cika. Saboda haka sakamakon WAEC ɗinsa na iya fin tsayinsa amfani.

Kada kuma a raina wasan ƙananan kwalejojin. A jihar Michigan, in makarantun Hope da Calvin na Division III za su kara, ɗakin wasan ya kan cika maƙil. A 1997 mutum sama da 11,000 suka kalle su. Ɗan wasa Duncan Robinson daga kwalejin Williams ta Division III ya fara kafin ya koma Jami'ar Michigan, daga nan sai ƙungiyar Miami Heat ta NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka. Scottie Pippen, tsohon tauraron NBA, shi ma daga NAIA ya fito. Amma irin waɗannan tsiraru ne ƙwarai, kada yaro ya tafi da lissafin NBA.

Babban tarkon shi ne dillalan da ke karɓar kuɗi da alƙawarin gurbi. Kocin gaske daga imel ɗin makarantar zai rubuto, kuma cikakken bidiyon wasa zai nema, ba guntayen cin kwando kaɗai ba.

Kafin ku biya komai, ku kai takardun zuwa EducationUSA, ofishin gwamnatin Amurka mai ba da shawara kan karatu a can, na Abuja ko Legas su duba.